Yadda ake auna ciwon gaɓɓai a gida kafin a je wurin lokotoro

Zafin jiki yana da ma'auni, hawan jini yana da nasa, ciwon suga ma ana ɗiga jini a ɗan inji ya ba da lamba. Ciwon gaɓɓai ba shi da inji. Duk abin da lokotoro zai sani game da raɗaɗin da ke gwiwar mahaifiyarka, daga bakinta zai fito, ko daga bakin wanda ya rako ta. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Tawa, kuma kullum a nan muke tuntuɓe da masu amosanin gaɓɓai. Tsohuwa za ta shigo tana dafa bango, in ce "Inna, yaya jikin naku?" ta ce "Da sauƙi, ɗiyata." Watan jiya haka ta ce, wata mai zuwa ma haka za ta ce. Ba ƙarya take yi ba, haka aka tarbiyyantar da mu, mai lalura ba ya raki gaban mutane. Sai dai da wannan amsa babu wanda zai gane ko maganin da aka kashe wa jika biyar ya yi aiki ko asara aka yi.

Kuma ciwon ba na mutum ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke da amosanin zaizayewar guringuntsi, wanda takardun asibitinmu ke rubutawa arthrose, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa yake. Mai kumbura ƙananan gaɓɓai, wato polyarthrite, ya kama mutum miliyan 18, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne. Iri biyun nan maganinsu ya sha bamban, kuma awon da za ka yi a gida yana cikin abin da ke raba su.

Kayan aikin duk suna gidanka ko gidan maƙwabci: kaye na ƴan lakwal, bik, agogon salula, mitar tela, kujera marar hannu, da ƙwallon dabino goma.

Ba wa ciwon lamba

A asibiti hanya biyu muka fi bi. Akwai tambaya da baki: sifiri babu ciwo ko kaɗan, goma ciwon da ba ka tunanin akwai wanda ya fi shi, yanzu kana nawa? Akwai kuma ɗan faifan roba mai layi na santimita 10, wanda muke kira EVA. Mai ciwo ya tura alama inda yake jin ciwonsa ya kai, mu juya bayan faifan mu karanta lambar. Daga 1 zuwa 3 ana ɗaukarsa ciwo ne mai sauƙi, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa sama mai tsanani.

Ga ma'aikacin gwamnati ko ɗalibi, wannan ya isa. Ga kakarka da ba ta taɓa riƙe bik ba, layi a kan roba ba ya ce mata komai, za ta ɗora yatsa tsakiya don ta rabu da kai. Shi ya sa nake aiki da ƙwallon dabino. Ka zuba goma a faranti gabanta, ka ce: "Kaka, in babu ciwo, kada ku ɗauki ko ɗaya. In ciwon ya kai inda ba ku taɓa jin irinsa ba, ku kwashe duka. Na yanzu fa, nawa za ku ɗauka?" Sai ka yi shiru. Kada ka ce "ai ba zai wuce huɗu ba, ko?" domin in ka faɗa, huɗun za ta ɗauka don kada ta ƙaryata jikanta. Na sha ganin matar da ta gama cewa da sauƙi ta tsaya, ta dubi farantin, ta jawo shida, ta dakata, ta ƙara ɗaya. Hannu ba ya jin kunyar da baki ke ji.

Akwai kuma hotunan fuskoki shida, daga mai walwala zuwa mai azaba. Sanannen cikinsu, na Wong da Baker, don yara aka yi shi a Amurka, kuma fuskar ƙarshe hawaye take zubarwa. Dattijon Ba'adare ko ƙafarsa za ta cire ba zai nuna fuska mai kuka ya ce shi ne ba. In za ka yi aiki da fuskoki, nemi wanda aka sabunta a 2001, shi babu hawaye babu murmushi, yamutsewar fuska ce kawai ke ƙaruwa.

Kowace hanya ka ɗauka, tsaya a kanta. Wanda ya auni hatsi yau da tiya, gobe da ƙwarya, jibi da tafin hannu, ba zai san ko rumbu na raguwa ba. Kada kuma ka gwama lambar mutum biyu. Bakwai ɗin Inna ba bakwai ɗin Baba ba ne. Lambar kowa da tasa ta jiya ake gwada ta.

Lamba ɗaya a yini ba ta wadatar ba, uku nake so. Ta farko yana zaune bai motsa ba. Ta biyu lokacin da gaɓar ke aiki, misali yana tashi daga tabarma ko yana taka dakali. Ta uku ta dare: ciwon ya tashe shi daga barci? Sau nawa? A wane lokaci? Ga dalili. Ciwon zaizayewa aiki ne ke tayar da shi, hutu ya kwantar da shi, ya fi tsanani da maraice bayan an yini ana kai da kawo. Ciwon kumburi kuwa hutu ba ya yi masa magani, yakan tashi mutum a ƙarshen dare, gab da kiran assalatu, sai an motsa jiki ya ɗan saki. Mutum biyu za su iya ba ka shida-shida, amma na ɗaya na la'asar ne, na ɗayan na asuba. Lokotoro in ya ji haka ya riga ya samu rabin hanya.

Ka tsayar da lokutan tambaya a kan salla, ba a kan agogo ba, an fi tunawa: bayan asuba da bayan isha'i. Ba kuma kullum har abada ba. Sati biyu a jere kafin zuwa asibiti, da sati biyu bayan an canza magani, sauran lokaci sau ɗaya a sati ya isa. Mutumin da ake tambaya ciwonsa sau biyar a yini yakan koma ba ya tunanin komai sai ciwon.

Sandarewar safe

Wannan awon ya fi kowane sauƙi, kuma shi aka fi mantawa. Da ya farka, duba agogo. Sa'ad da ya ce gaɓɓan sun saki, sun kai iyakar sakin da za su yi a ranar, sake dubawa. Rubuta mintocin. A amosanin zaizayewa sandarewar ba ta cika wuce minti 30 ba, kafin a gama alwala da salla ta tafi. A polyarthrite takan kai awa ɗaya ko fiye. Matar da za ta ce maka yatsunta ba sa iya riƙe buta da asuba, sai hantsi ya dubi ludayi sannan take iya ɗaure kallabi, wannan ba sanyin ɗari ba ne kawai. In abin ya haɗa da kumburin ƙananan gaɓɓan hannu biyu, kuma ya haura sati shida, kada a jira. Wannan ciwo yana cin gaɓa tun a watannin farko, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Ƙidayar gaɓɓai

A shafin farko na kaye, ɗora hannun mai ciwo ka zagaye shi da bik, dama da hagu. A shafi na gaba zana mutum, ko da zanen yara ne. Duk gaɓar da ke zafi in an danna, sa mata gicciye. Wadda ta kumbura, zagaye ta. Wadda ta haɗa biyun, yi mata duka.

Dannawar tana da ƙa'ida. Riƙe gaɓar tsakanin babban yatsanka da manuni, ka danna a hankali har farcen babban yatsanka ya yi fari, nan ka tsaya. Ƙasa da haka ba ka auna komai ba, sama da haka ko mai lafiya zai ce wash. Idonka kuma ya kasance a fuskarsa, ba a hannun ba, domin wanda ba zai ce yana ji ba zai runtse ido ko ya janye. Kumburin amosani taushi gare shi, yana lotsawa ƙarƙashin yatsa. Ƙullutun da ke fitowa a gaɓar ƙarshe ta yatsun tsofaffi, kusa da farce, masu tauri, ƙashi ne ya tsiro, na zaizayewa ne, kada ka ƙidaya su cikin kumburi. Akwai gwaji mai sauri kuma: kama tafin hannunsa ta gefe da gefe, daidai tushen yatsu huɗu, ka matsa kaɗan yadda ake gaisawa. In ya zabura, rubuta. Haka ake yi wa tushen yatsun ƙafa.

Littattafan koyon aikinmu suna cewa a duba ja. A fatarmu ja ba ya cika fitowa, don haka kada rashinsa ya ruɗe ka. Ɗora bayan hannunka a gwiwar da ke ciwo, sannan a ɗayar, sannan a ƙwauri. Gwiwa mai lafiya takan ɗan fi cinya da ƙwauri sanyi. In ta fi su ɗumi, ko fatar na sheƙi, akwai magana. Sai ka ɗauko mitar tela, ƙafa a miƙe, ka zagaye gwiwar daidai tsakiyar ƙoƙonta, ka rubuta santimita na dama da na hagu. Ko da yaushe a wuri ɗaya, kada ka ja mitar har ta nutse cikin fata.

Ƙwararrun amosani suna da lissafi da ake kira DAS28, wanda aka tsara a Nijmegen ta ƙasar Holan. Gaɓɓai 28 yake ƙidayawa: kafaɗu biyu, gwiwoyin hannu biyu, wuyan hannu biyu, tushen yatsu goma, gaɓɓan tsakiyar yatsu goma, gwiwoyi biyu. Ana haɗa adadin masu zafi da masu kumburi da awon jini mai nuna kumburi, VS ko CRP, da kuma lambar da mai ciwo ya ba lafiyarsa gaba ɗaya. Ƙasa da 2.6 ciwon ya kwanta, sama da 5.1 yana kan ganiyarsa. Ba kai za ka yi wannan lissafi ba, amma in ka ga lambar a karnen mahaifiyarka ka san abin da take nufi. Ka lura babu idon sawu da yatsun ƙafa cikin 28 ɗin, alhali matanmu a tsaye suke yini. Don haka kai ka rubuta ƙafar a naka kayen, kuma ka faɗa da bakinka.

Abin da ciwon ya hana

A ganina wannan ya fi lambar dabino nauyi. Akwai takardun tambayoyi na musamman, WOMAC da aka tsara a Kanada mai tambayoyi 24, da na Lequesne na Faransa da lokotorinmu suka fi sani. Suna da kyau, amma suna tambayar hawa bene, sa safa, shiga mota, shiga bahon wanka. Mu tamu rayuwar a ƙasa take: tabarma, murhu, masai na tsugunno, turmi.

Babu awon gwiwa da ƙugu da ya kai salla, domin motsi ɗaya ne ake maimaitawa sau biyar kowace rana, shekara da shekaru. Tambayi: kuna iya ruku'u? Kuna sauka sujada ba tare da kun fara dafa ƙasa ba? Zaman tahiya fa, kuna naɗe ƙafar ko miƙe ta kuke yi? Tashi zuwa raka'a ta biyu, da kanku ko sai da bango? Yaushe kuka koma yi a kujera, duka sallolin ko wasu? Dattijo zai manta ranar da ciwo ya fara, amma ba zai manta azumin da ya kasa tsayuwar asham ba. Daga nan ake samun tarihin ciwon.

Zaɓi ayyuka uku ko huɗu da suka dame shi shi kansa, ba kai ba. Ga wata, tuƙin tuwo ne da matse wanki da buɗe murfin jarka. Ga wani, tafiya masallacin Juma'a ne ko tayar da babur. Kowane aiki ba shi maki: 0 ba wahala, 1 da ƴar wahala, 2 da wahala ƙwarai, 3 ba ya yiwuwa. Tafiya kuma a auna ta da wuraren da aka sani: har ƙofar gida, har famfo, har bakin titi, har kasuwa, da inda ake tsayawa a huta.

Sau ɗaya a sati yi gwajin kujera. Jingina ta da bango don kada ta zame, tsayinta ya kai wajen santimita 43, ba kujerar tsugunno ta mata ba. Ya zauna, ya harɗe hannu a ƙirji, ya miƙe tsaye sosai ya koma ya zauna, ka ƙidaya sau nawa zai yi cikin daƙiƙa 30. Tsaya kusa da shi. In sai da ya dafa, rubuta hakan, shi ma sakamako ne. Gwaji na biyu: auna mita 3 daga kujerar ka ja layi a ƙasa. Ya tashi, ya je layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo, ya zauna. In tsoho ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa, sai a duba sanda, takalmi da hanyar bayan gida da dare.

In tsufa ya taɓa hankali, ko shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke magana, babu batun dabino. Ido ne ma'auni: yamutsa fuska lokacin da ake tayar da shi, nishi, kare gaɓar da hannu, ƙin a taɓa, ƙin abinci, faɗan da ba halinsa ba. Wanda ke yi masa wanka shi ya fi kowa sani, shi za a tambaya.

Magani ma a rubuta shi

Lamba ba ta da ma'ana in ba a san abin da aka sha kafin a ba da ita ba. Uku bayan ƙwaya biyu na diclofenac ba ɗaya ba ne da uku ba a sha komai ba. Rubuta suna, adadi da lokaci, har da jiƙo, da man shafawa, da abin da aka saya wurin masu tallar magani a faranti. Kada a ɓoye wannan don tsoron faɗa. Cikin ƙullin ƙwayoyin nan da ake haɗa wa masu "sanyin ƙashi" sau da yawa akwai dexamethasone. Yana kwantar da ciwo cikin kwana biyu har mutum ya yi ta sa wa mai tallar albarka, amma in an daɗe ana sha yana kumbura fuska, ya ɗaga suga da hawan jini, ya raunana ƙashi, kuma wanda ya daɗe a kansa ba a yanke masa shi rana ɗaya. Diclofenac da ibuprofen suna cin ciki da ƙoda, balle a zafin Afrilu da Mayu ko da azumi, lokacin da jiki ba ruwa. Paracetamol kada ya wuce giram 4 a yini ga babba, tsofaffi galibi 3 ake tsayar musu. Wanda kuma aka ɗora kan methotrexate, maganin polyarthrite, sau ɗaya a sati ake shan sa, ba kullum ba. Rubuta ranar da manyan baƙaƙe a bangon kaye.

Layi ɗaya na kaye zai iya zama haka: Talata, asuba 6, isha'i 4, ya tashe ta sau ɗaya, sandarewa minti 50, yatsu uku na dama sun kumbura, azahar da la'asar a kujera, paracetamol biyu da safe. Shi ke nan. In mai ciwon ba ta rubutu, jikar da ke aji biyar za ta iya, da boko ko da ajami.

Wajen karantawa, kada rana ɗaya ta tayar maka da hankali. Amosani yana hawa da sauka da kansa, ranar biki ko ranar wanki lamba za ta tashi. Duba sati da sati. Masu bincike sun gano cewa sauƙin da mai ciwo ke ji a jikinsa da gaske yakan fara daga raguwar maki 2 cikin 10, ko kusan kashi 30 cikin ɗari. Daga 7 zuwa 6 ba a ce komai ba tukuna. Daga 7 zuwa 4, tare da dawowa sujada, magani ya yi. Methotrexate yakan ɗauki sati 6 zuwa 12 kafin ya nuna kansa, don haka kada a yar da shi a sati na uku a ce ba ya aiki.

Mutane suna son radiyo, wato hoton ƙashi, suna ganin shi ne gaskiya. Yana da amfaninsa, amma ba ya auna raɗaɗi. Akwai wanda hotonsa ya nuna guringuntsi ya ƙare yana zuwa gona, akwai wadda hotonta bai nuna abin kirki ba amma ba ta barci. In lokotoro bai sake tura ku radiyo ba a zuwa na biyu, ba sakaci ba ne.

Akwai ranar da ba a buɗe kaye, asibiti ake nufa ko da tsakar dare ne. Gaɓa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ba ta taɓuwa, ga zazzaɓi: ƙwayar cuta na iya shiga gaɓa ta lalata ta cikin kwanaki. Haka in mutum ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ko mai shan maganin ciwo ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin ko ya yi aman jini. Yaron da ciwo ke yawo masa daga gwiwa zuwa idon sawu zuwa gwiwar hannu sati biyu ko uku bayan ciwon maƙogwaro, zuciyarsa ake ji wa tsoro. Mai amosanin jini shi ma tashin ciwonsa ba na jira ba ne. Magidancin da babban yatsan ƙafarsa ya tashe shi da dare har ba ya son mayafi ya taɓa, sau da yawa bayan naman Layya da kayan ciki, mai yiwuwa gut ne, wani irin amosanin gaɓɓai, amma a karon farko a bar lokotoro ya tabbatar, domin da ido ba a raba shi da gaɓar da ƙwayar cuta ta shiga.

Ranar randebu, ko a CSI ne, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko babban asibitin jiha a nan Tawa, ko an tura ku Yamai, kada ka miƙa wa lokotoro kayen ka ce ya karanta, layi na jiransa a waje. Tun daren jiya ka taƙaita a shafi guda: lambar satin farko da ta satin ƙarshe, mintocin sandarewa, gaɓɓan da suka kumbura, aikin da ya gagara ko ya dawo, da magungunan da aka sha. Zuba kwalayen maganin duka a leda ka tafi da su, har da waɗanda ba su da suna. In an shiga, bari mai ciwon ta fara magana da bakinta, in ta gama gaisuwarta da godiyarta, sai ka ce "Lokotoro, ga abin da muka rubuta."